Tambayoyi da Amsoshi Game da Mawaƙan Tallis Scholars da Waƙoƙin Zamanin Farfaɗowa

Su wane ne Tallis Scholars, kuma yaushe aka kafa ƙungiyar?

Tallis Scholars ƙungiya ce ta ƙwararrun mawaƙa a ƙasar Ingila, waɗanda ke rera waƙa da zallar murya, ba tare da ogan (babban abin kiɗan coci mai bututu) ko wani abin kiɗa ya raka su ba. Peter Phillips ne ya kafa ta a shekarar 1973, yana ɗan shekara 20, lokacin da yake ɗalibi a kwalejin St John's ta Jami'ar Oxford kuma yake kaɗa ogan a ɗakin ibadar kwalejin. Sun fara fitowa gaban jama'a ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekarar, a cocin St Mary Magdalen da ke tsakiyar birnin Oxford. Mawaƙan farko ɗalibai ne da suka saba waƙa a ɗakunan ibada na kwalejoji, amma da tafiya ta yi tafiya sai ƙungiyar ta koma ta waɗanda waƙar ce sana'arsu. Daga wancan lokaci zuwa yau sun yi wasa fiye da sau 2,000 a Turai da Amurka da Japan da Ostareliya da sauran wurare, kuma sun yi bikin cika shekara 50 a 2023 Phillips na nan a matsayin jagoransu.

Mene ne Zamanin Farfaɗowa, kuma wace irin waƙa ake nufi?

Zamanin Farfaɗowa, wanda Turawa ke kira Renesans, shi ne lokacin da ilimi da zane da gine-gine suka bunƙasa a Turai, kuma a fannin waƙa ana lissafa shi daga wajajen 1400 zuwa wajajen 1600. Mafi yawan abin da wannan ƙungiya ke rerawa waƙoƙin coci ne da aka tsara da harshen Latin. Akwai waƙoƙin ibadar Mas, wadda ke da sassa biyar da ba sa canzawa, wato Kyrie da Gloria da Credo da Sanctus da Agnus Dei, kuma mawallafi kan ɗauki waɗannan kalmomi da kowa ya haddace ya ɗinka musu sabuwar rigar sauti. Akwai kuma gajerun waƙoƙi da ake kira motet, waɗanda galibi ake ciro kalmominsu daga Zabura ko wasu sassan Littafi Mai Tsarki. Manyan mawallafan zamanin sun haɗa da Josquin des Prez, wanda ya fito daga yankin da ke tsakanin Faransa da Beljiyam ta yau ya rasu a 1521, da Palestrina na Italiya da ya rasu a 1594, da Victoria na Sifaniya da ya rasu a 1611, sai kuma Tallis da almajirinsa William Byrd a Ingila.

Da me wannan waƙa ta bambanta da waƙar da muka saba ji?

Wanda ya tashi yana jin makaɗi da 'yan amshinsa ya san tsari guda: jagora ya kawo baiti, 'yan amshi su karɓa, kuma ko da baƙo ne ya zo wurin ba zai yi shakkar wane ne ke riƙe da ragamar waƙar ba. A waƙar Zamanin Farfaɗowa babu jagora babu ɗan amshi. Muryoyi huɗu ko biyar ko shida ne, kowace da karin waƙarta mai zaman kansa, ana rera su a lokaci guda, kuma an tsara su ta yadda duk inda suka haɗu za su dace da juna. Ana iya kiran wannan salo saƙar muryoyi, domin abin da ya fi kama da shi shi ne aikin masaƙi, inda kowane zare ke bin hanyarsa, yana hawa kan wani yana nutsewa ƙarƙashin wani, amma zanen da ake nema ba ya fitowa sai an haɗa su duka.

Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce kwaikwayo. Murya ɗaya ta fara wani ɗan gajeren kari, kafin ta kai ƙarshensa sai ta biyu ta shigo da irinsa daga sama ko daga ƙasa, sai ta uku, sai ta huɗu, yayin da ta farkon ta riga ta wuce zuwa wani abu dabam. Saboda haka mai waƙar bas, wanda muryarsa ta fi kowa kauri, ba tushe kawai yake riƙe wa sauran ba, karin da ke bakinsa yana da daraja daidai da na mai sofrano da ke can sama. A ganina wannan daidaito tsakanin muryoyi shi ne zuciyar al'amarin gaba ɗaya, kuma duk wani mataki da Tallis Scholars suka ɗauka game da yawansu da yadda suke fitar da murya da wurin da suke naɗar faifai, an ɗauke shi ne domin kada wani zare ya ɓace wa mai sauraro.

Wane ne Tallis da ƙungiyar ta ɗauki sunansa?

An haifi Thomas Tallis a wajajen 1505, ya rasu a watan Nuwamban 1585, aka binne shi a cocin St Alfege da ke Greenwich kusa da Landan. Yana aikin kaɗa ogan a gidan zuhudu na Waltham lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1540, daga baya ya shiga cikin mawaƙan fadar sarki, inda ya yi wa sarakuna huɗu aiki a jere: Henry na Takwas, da Edward na Shida, da Sarauniya Mary, da Sarauniya Elizabeth ta Farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a tsawon waɗannan shekaru ƙasar ta yi ta sauyawa tsakanin ɗarikar Katolika da ta Furotesta, kuma kowane sauyi da irin waƙar da yake buƙata. A zamanin Edward an bukaci waƙa da Turanci, mai sauƙi, wadda kowace kalma za ta fito fili. A zamanin Mary aka koma Latin da dogayen waƙoƙi masu ado. Tallis ya yi fice a kowane salo, bai kuma rasa muƙaminsa ba a lokacin da wasu ke rasa rayukansu.

A 1575 Elizabeth ta ba shi da Byrd izinin buga littattafan waƙa su kaɗai na tsawon shekara 21, suka kuma fitar da littafi mai ɗauke da motet 34, kowannensu ya kawo 17, daidai da shekarun da sarauniyar ta yi a kan gadon mulki. Littafin bai samu kasuwa ba, har sai da suka kai kukansu ga sarauniyar game da asarar da suka tafka.

Da gaske ne akwai waƙa mai murya 40?

Gaskiya ne, kuma ita ce waƙar Tallis da ta fi shahara, Spem in alium, wadda ma'anar farkonta ita ce mai waƙar bai taɓa sa begensa ga kowa ba sai ga Allah. Ba mutum 40 ne ke rera abu ɗaya ba, kari 40 ne mabambanta, an raba su rukuni takwas, kowane rukuni da murya biyar. Waƙar tana farawa da murya ɗaya tilo a rukunin farko. Sannu a hankali sauran muryoyin rukunin su shigo, sai sautin ya ƙaura zuwa rukuni na biyu, na farko ya yi shiru, haka yake ta zagayawa har ya kai rukuni na takwas, ta yadda wanda ke zaune a tsakiya, idan mawaƙan sun kewaye shi, zai ji waƙar tana tafiya a gefensa kamar mutum na zagaya ɗaki. Daga nan ne duka 40 suke buɗe baki tare a karon farko. Can kusa da ƙarshe kowa ya yi tsit na ɗan lokaci kaɗan, sannan dukkansu su faɗo a kan kalma guda, wadda ke roƙon Allah ya dubi ƙasƙancin bayinsa. Duka waƙar ba ta wuce kimanin minti goma ba. Tallis Scholars sun naɗe ta a 1985, kuma a duk lokacin da za su rera ta dole ne su gayyato ƙarin mawaƙa 30.

Mutum nawa ne a ƙungiyar, kuma me ya sa ba su da yawa?

A mafi yawan wasanninsu mutum goma ne, biyu-biyu a kan kowane kari idan waƙar mai murya biyar ce. Sukan tsaya a jere mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, Phillips na gabansu yana ba da hannu, kuma wannan tsayuwa tana ba kowane mawaƙi damar ganin 'yan'uwansa da jin su. Dalilin ƙarancin yana komawa ga abin da aka ambata a sama. Idan mutum 60 suka rera saƙar muryoyi, sautin yakan yi nauyi, zaren ya cakuɗe, abin ya koma kamar ruwan da aka dama. Idan kuwa mutum ɗaya ne kawai a kan kowane kari, to duk lokacin da ya tsaya shan numfashi karin ya yanke. Da mutum biyu, ɗaya zai saci numfashi yayin da ɗayan ke riƙe da sautin, mai sauraro ya ji kamar karin ba ya katsewa.

Sai dai mutum biyu a kan kari ɗaya shi ne tsari mafi wahala ga mawaƙi, domin babu inda kuskure zai ɓuya. Idan ɗaya ya ɗaga sautinsa sama da na abokinsa ko da da ƙwayar zarra ne, kunne zai ji muryoyin biyu suna gogayya. Shi ya sa mawaƙan ƙungiyar suke rage karkarwar murya irin wadda aka san mawaƙan opera da ita, suna fitar da sauti miƙaƙƙe, suna kuma daidaita yadda suke furta kowane wasali har ya zamana ba a iya bambance muryar wannan da ta wancan. Aikin ya fi dogara ga kunne fiye da maƙogwaro, kuma mawaƙin da ba ya iya sauraron na kusa da shi yayin da yake waƙa ba zai daɗe a irin wannan ƙungiya ba komai daɗin muryarsa.

Ashe ba maza ne kaɗai ke waƙa a coci a wancan zamanin ba? Me ya kawo mata?

A manyan coci-coci na wancan lokaci maza ne da yara maza ke waƙa, ko da yake mata masu zaman zuhudu suna rera irin waɗannan waƙoƙi a gidajensu. Tallis Scholars suna amfani da mata a muryoyin sama, kuma ba su taɓa ɓoye cewa wannan zaɓi ne na zamani ba. Yaro yakan rasa muryarsa ta sama da zarar ya balaga, daidai lokacin da ya fara ƙwarewa, alhali mace baliga tana iya shafe shekara 20 tana zurfafa saninta na salon, ga ƙarfin numfashi, ga juriyar tafiye-tafiye. Kafin su, ƙungiyar Clerkes of Oxenford ta David Wulstan ta riga ta nuna cewa mata na iya fitar da sauti garau mai kama da na yara, kuma Phillips ya sha bayyana tasirin da sautin wannan ƙungiya ya yi masa tun yana ɗalibi.

Daga ina ake samo waƙoƙin, tun da babu faifai a wancan zamani?

Daga rubuce-rubucen hannu da tsofaffin bugu da aka adana a ɗakunan karatu. Wasu manyan littattafai ne da ake ɗorawa a kan mazauni guda mawaƙa su taru a gabansu, kamar littafin waƙa na kwalejin Eton da aka rubuta a wajajen 1500. Wasu kuma ƙananan littattafai ne, kowace murya da nata, wanda ke nufin idan littafin teno, wato muryar maza mai ɗan tsayi, ya ɓace, kamar yadda ya sha faruwa a Ingila bayan rushe gidajen zuhudu, sai wani masani ya zauna ya sake gina karin da ya ɓace bisa ƙa'idojin salon. Buga waƙar saƙar muryoyi da injin ɗab'i ya kankama ne a hannun Ottaviano Petrucci a birnin Venis a 1501, kuma a shekarar da ta biyo baya ya fitar da littafin da ya ƙunshi waƙoƙin Mas na Josquin kaɗai.

Abin da ya kamata mai sauraro ya sani shi ne waɗannan takardu ba su faɗi komai da komai ba. Ba su nuna saurin da za a bi ba, ba su nuna inda za a ɗaga murya ko a sassauta ba, kuma akwai wuraren da aka bar wa mawaƙi ya san da kansa cewa ya kamata ya ɗan ɗaga wani sauti ko ya sauke shi. Saboda haka duk faifan da mutum ya ji, yana jin mawallafin ne tare da hukuncin jagoran da ya karanta takardar.

Me ya sa ake yawan ambaton faifansu?

A 1980 Phillips da Steve Smith suka kafa kamfanin faifai na Gimell domin fitar da aikin wannan ƙungiya kaɗai, abin da ya ba su 'yancin naɗar waƙoƙin da manyan kamfanoni ba za su kalla ba. Sun naɗi da yawa daga cikin faifansu a ɗakin ibada na kwalejin Merton a Oxford da kuma cocin ƙauyen Salle a yankin Norfolk, domin gine-ginen dutse ne masu amsa-kuwwa daidai gwargwado, wadda ke ƙawata sauti ba tare da ta haɗiye kalmomi ba.

Babban abin da ya ɗaga sunansu ya faru a 1987, lokacin da mujallar Gramophone ta zaɓi faifansu na waƙoƙin Mas biyu na Josquin a matsayin gwarzon faifan shekara, karo na farko da faifan waƙar wancan tsohon zamani ya samu wannan lambar. Ɗaya daga cikin biyun, Missa La sol fa re mi, an gina ta ne kacokan a kan sauti biyar da sunanta ke nunawa (la, sol, fa, re da mi sunayen matakan sauti ne), waɗanda ke dawowa fiye da sau 200, wani lokaci a hankali, wani lokaci da sauri, yanzu a wannan murya, an jima a waccan, kuma duk da haka kunne ba ya gajiya. Sun ci gaba da wannan aiki har suka kammala naɗar waƙoƙin Mas na Josquin a faifai tara a 2020, gab da cikarsa shekara 500 da rasuwa.

Ina gaskiyar labarin waƙar Miserere da ake cewa Mozart ya kwafe ta da ka?

Gregorio Allegri ne ya tsara ta a shekarun 1630 a kan Zabura ta 51, domin rerawa a Makon Tsarki, wato makon da ke gabatar bikin Ista, a ɗakin ibadar Sistine na fadar Fafaroma, wanda ke nufin ta ɗan zo bayan Zamanin Farfaɗowa, ko da yake a tsohon salon aka tsara ta. Mozart, shahararren mawallafin kiɗa na ƙasar Austriya, ya ji ta a Rum a 1770 yana ɗan shekara 14, kuma wasiƙar mahaifinsa ta ba da labarin cewa ya rubuta ta. Amma abin da ake rerawa a yau ba shi ne abin da Allegri ya rubuta ba. Wancan sauti mai tsananin tsayi da sofrano ke hawa, wanda shi ne ya sa duniya ta ƙaunaci waƙar, ya samo asali ne daga adon da mawaƙan baya suka ƙara, haɗe da wani kuskuren kwafi na ƙarni na 19 da ya ɗaga wani sashe sama da inda yake. Faifan da Tallis Scholars suka naɗa a Merton a 1980 ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan siga. A wurin wasa sukan ware mawaƙa huɗu su kai su nesa, bayan masu sauraro ko a wani bene, ta yadda sautin zai zo kamar daga wani wuri dabam. A watan Afrilun 1994 sun rera waƙa a cikin ɗakin ibadar Sistine ɗin kansa, a bikin kammala gyaran zanen da mai zane Michelangelo ya yi a ɗakin.

Ibada suke yi ko wasa? Dole ne mai sauraro ya zama Kirista?

Waƙoƙin na ibadar Kirista ne, babu ja a kan wannan, kuma kalmominsu addu'o'i ne da ayoyi. Amma ƙungiyar ba ta wata coci ba ce, kuma ba ibada take jagoranta ba. Tana rera su ne a matsayin ayyukan fasaha, a gaban mutanen da suka sayi tikiti, ko a coci ko a zauren wasa, kuma masu sauraronta sun haɗa da mabiya addinai dabam-dabam, kamar a Japan inda suke da magoya baya masu yawa alhali Kiristoci tsiraru ne a ƙasar. Ya rage ga kowane mutum ya auna abin da ya dace da imaninsa, kuma zai fi kyau ya karanta fassarar kalmomin tukuna domin ya san abin da ake faɗa.

Akwai masu sukar salonsu?

Akwai, kuma wasu daga cikin sukar suna da tushe. Ta farko ita ce sautinsu iri ɗaya ne ko wace ƙasa waƙar ta fito, alhali da wuya a ce mawaƙan Sifaniya na zamanin Victoria sun yi waƙa da irin muryar Ingilawan yau. Ta biyu ta shafi tsayin sauti: a faifansu na farko sun riƙa ɗaga waƙoƙin Ingila da kimanin mataki ɗaya da rabi, bisa ra'ayin Wulstan, ra'ayin da masana da dama suka ƙalubalanta daga baya. Ta uku ita ce tsananin tsabtar sautin takan rage zafin ma'anar kalmomi, har waƙar makoki da ta murna su kusa yin kama da juna.

Na yarda da suka ta farko, kuma duk mai son wannan fanni ya kamata ya saurari wasu ƙungiyoyi domin ya ji bambanci. Ta ukun ce ban gamsu da ita ba. Mawallafan wancan zamani sun zuba ma'anar ne a cikin yadda muryoyi ke karo da juna sannan su sasanta, kuma ba a jin wannan karo sai idan kowane sauti yana daidai wurinsa. Wanda ya saurari waƙar jana'iza da Victoria ya buga a 1605 domin Sarauniya Maria, 'yar'uwar Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, a bakin waɗannan mawaƙa, zai ji baƙin cikin yana fitowa daga cikin saƙar kanta, ba tare da wani ya matsa wa muryarsa ba.

Tsofaffin waƙoƙi kawai suke rerawa?

A'a. Sun yi aiki da John Tavener na Ingila, sun fitar da faifai na waƙoƙin Arvo Pärt na ƙasar Istoniya a 2015, kuma Eric Whitacre na Amurka ya tsara musu waƙa a bikin cikarsu shekara 40 a 2013. Amma waɗannan ƙari ne a gefe.

Waɗanne ƙungiyoyi ne kuma ke irin wannan aiki?

Akwai The Sixteen da Harry Christophers ya kafa, waɗanda sautinsu ya fi kauri kuma sukan haɗa da kayan kiɗa a wasu ayyukansu. Akwai Stile Antico, mutum 12 da ke waƙa ba tare da jagora a gabansu ba, da Huelgas Ensemble ta Paul Van Nevel a Beljiyam, wadda ta shahara da tono mawallafan da aka manta da su. Mawaƙan Landan da yawa sukan yi aiki a fiye da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Ingila.

Ta ina sabon mai sauraro zai fara?

Ya fara da gajeriyar waƙar Tallis mai murya huɗu, If ye love me, wadda ba ta wuce kimanin minti biyu ba, ya saurare ta sau uku ko huɗu a wuri mai shiru, da abin sauraro na kunne idan yana da shi, domin ƙaramar lasifikar waya takan haɗiye muryoyin ƙasa. A karon farko ya ji ta gaba ɗaya. A karo na biyu ya zaɓi muryar bas ya bi ta daga farko har ƙarshe, ko da sofrano na jan hankalinsa. A na uku ya lura da inda wata murya ta fara kari sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Idan kunnensa ya saba, sai ya wuce zuwa Missa Papae Marcelli ta Palestrina mai murya shida, wadda aka buga a 1567, daga nan zuwa Josquin, ya bar mai murya 40 sai ya iya riƙe zare huɗu a lokaci guda. Ana samun faifan ƙungiyar a manhajojin sauraron waƙa na intanet kamar Spotify da Apple Music da YouTube.